Ranar da Na Hau Keken Surukina

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da na tsaya a bakin ƙofa ina ta rafka sallama ba, alhali mutumin da nake jira ya amsa yana ciki numfashi na neman ƙwace masa. Har yanzu da nake rubuta wannan hankalina bai gama kwanciya ba, don haka in kun ga labarin yana tsalle, ku yi haƙuri.

Bari in fara daga keken. Maigidana yana Abijan, kamar mazan unguwarmu da yawa a nan Tawa, ni kuwa ina gidan iyayensa tun da aka kawo ni. Mahaifinsa, wanda nake kira Baba, dillalin shanu ne da ya tsufa a kasuwar dabbobi, mai murya irin wadda ake ji daga wancan gefen kara. Bara tansiyo, wato hawan jini, da ciwon sukari suka haɗu suka kwantar da shi. Likita ya ce dole ya riƙa motsa jiki, amma a hankali, kada ya kuskura ya wahalar da zuciyarsa. Baba ya ce shi ba zai riƙa zagaya unguwa da sassafe kamar wanda akuyarsa ta ɓata ba. Shi ne maigidana ya aiko da keke a mota, keken da ba ya zuwa ko'ina, ana jona shi da kuran (wutar lantarki) a ɗora waya a kansa. A cikin wayar akwai aplikasiyon (manhaja, in ji masu rediyo) da ke nuna hanya da wani ɗan mutum-mutumi yana tuƙi. In hanyar ta miƙe, fedar ta yi laushi. In ta hau tudu, keken da kansa yake ƙara nauyi har sai cinya ta yi ƙara. Likita da hannunsa ya sa wa Baba matakin da ya fi kowane sauƙi, wata hanya shimfiɗaɗɗiya a bakin tafki, ya ce kada wanda ya taɓa.

Wa zai riƙa kunnawa? Ni mana. Ni kaɗai ce a gidan na yi kwalej, kuma komai na ciki da Faransanci yake.

To, ga matsalar. Maigidana ɗan fari ne, ni kuwa matarsa. Ban taɓa kallon fuskar Baba sosai ba. In zan gaishe shi daga nesa nake durƙusawa, in zan wuce ƙofar ɗakinsa takalmina a hannu suke. Shi ma bai taɓa yi mini magana kai tsaye ba. Ko ina tsugune a gabansa, sai ya juya wajen matarsa, wadda nake kira Inna, ya ce, “Ce mata ta kawo ruwa.” Sai Inna ta juyo ta ce, “Kin ji.” Haka muke, kuma ban taɓa ganin abin a matsayin wahala ba.

Saboda haka muka tsara yadda za mu yi ba tare da kowa ya faɗi komai ba. Da safe in shiga ɗakin da keken yake, in kunna, in ɗora waya, in fito da sauri in saki labule. Baba ya yi gyaran murya daga tsakar gida, alamar yana tafe, ni kuwa in ba da baya. Ya shiga, ya tuɓe riga da rawani, ya rage daga shi sai singileti da wando a naɗe (wannan a bakin Inna na ji, ba idona ba). In zauna a ƴar kujera ta bayan labule ina tsince shinkafa, ina jin wata mata a cikin wayar tana ta ce masa “Ale, ale,” kamar mai korar jaki. In ya gama ya sake gyaran murya, in kauce, ya fita, in shiga in kashe.

A wajen kashewar nan ne na gano akwai wani ɓangare da masu amfani da aplikasiyon ɗin ke ba da shawarar abin da za a ƙara. Na mayar da shi wurin hira. Wani yana so a sa ruwan sama a hanya, wani yana so ɗan mutum-mutuminsa ya riƙa sauya launin safa, wata tana so karenta ya riƙa binta a guje. Na ce a raina, mutanen nan ba su da matsala. Ni da nake da shawarwari na gaske, cike da baki, ban taɓa turawa ba.

Akwai kuma abin da ban gaya wa kowa ba a gidan: ina son keke. Da keken yayana nake zuwa lakkal, makarantar boko, ina ƙarama, har ina sakin hannu a gangaren unguwarmu. Ranar da aka ce na girma aka karɓe. Kullum in na zo goge ƙurar keken Baba sai in ji ƙafata tana ƙaiƙayi.

Wata rana Baba da Inna suka tafi Barmu bikin suna, aka bar ni tsaron gida. Na gama shara, na gama wanke-wanke, na shiga goge keke. Na ce bari in taɓa fedar da hannu. Daga hannu sai ƙafa ɗaya. Ban san lokacin da na ɗaure zane sama na haye sirdin surukina ba (ku bar ni, na riga na zagi kaina fiye da yadda za ku iya). Hanyar bakin tafki ta yi mini sanyi, na zaɓi wata mai duwatsu. Na yi ta wuce mutane, matar cikin waya tana ta yaba mini, ni kuwa har da ɗaga hannu ina gaida bangon ɗaki. Daɗi ya kwashe ni, na ga alamar makirfo a gefe, an rubuta cewa mutum na iya faɗin shawararsa da harshensa. Na danna. Faransancina ya riga ya ƙare tun a tudun farko, don haka da Hausa na zuba, ina haki, duk abin da ya zo bakina.

Ina cikin haka na ji ana taɓa ƙofar gida. Na diro, wayar ta fito da wani dogon rubutu da tambaya a ƙasa, na danna “to” ban karanta ba, na goge zufata daga sirdi da bakin zane, na fita. Maƙwabciya ce ta zo aron rariya.

Abin da rubutun nan ya ce, daga baya na sani, shi ne: mai keken nan ya yi ƙarfi ƙwarai, a ɗaga masa mataki?

Washegari na kunna kamar kullum, ban ko dubi fuskar wayar ba, na fito. Inna ta ɗauki gero ta tafi wajen niƙa. Baba ya yi gyaran murya ya shiga. Na zauna da tirena.

Da farko ba komai. Can sai na ji matar tana maganar tudu. Bakin tafki ba shi da tudu. Na tsayar da hannu cikin shinkafa. Ƙarar fedar ta canza, ta koma nauyi, kamar ana jan turmi a ƙasa. Sai numfashin Baba ya fara fitowa da wani sauti da ban taɓa ji ba, kamar zarto a ɗanyen itace. A take na tuna “to” ɗin da na danna.

Na san Baba. Mutumin da ya yi shekaru yana riƙe ƙahon bijimi ba zai sauka ba don wata mata a cikin waya ta ce ya ƙara. Zai mutu a kan sirdin nan kafin ya yarda tudu ya fi shi.

Kun san abin da na yi? Na miƙe, na cire takalmi, na durƙusa a bakin labule na ce, “Salamu alaikum.”

Ba amsa, sai zarto.

“Salamu alaikum.”

Na juya na kira Inna, alhali da idona na ga fitarta. Na dawo na yi gyaran murya, ni ma, ko zai gane. Na sa hannu zan ɗaga labulen, hannun ya ƙi. Wallahi ƙi ya yi, kamar ba nawa ba. Ina jin wata murya a kaina tana cewa, ba riga a jikinsa, ba rawani, ke matar ɗan fari ce, in kika shiga da wane ido za ki sake zama a gidan nan. Na sake yin sallama. Mutum yana mutuwa ni ina neman izini.

Sai dabara ta zo mini, irin ta matsorata. Na ruga zaure na kashe kontar, mitar wutar gidan, gaba ɗaya. Na ce in ba kuran keken zai saki. Na dawo a guje. Keken bai saki ba, ya daskare a nauyin da yake, waya kuwa da batirinta, matar tana nan tana “Ale, ale.” Abin da ya tsaya shi ne fanka. Na ƙara masa zafi ke nan.

Daga nan ƙarar feda ta ɗauke. Zarton ma ya ɗauke. Ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin wannan ba.

Na ja mayafi na rufe fuska, na shiga da baya. Eh, da baya, kamar mai fita daga gaban sarki. Na yi karo da keken, mayafin ya zame, na juya. Baba ya kife a kan keken, goshinsa a kan wayar, hannu ɗaya yana lilo, ƙafarsa a maƙale cikin igiyar feda. Jikinsa ya yi fari-fari kamar an shafa masa toka. Ban san yadda na zare ƙafar ba. Na dai san na sa hannuwana a hammatarsa na jawo shi, muka zube tare a kan tabarma, kansa a kan gwiwata. A nan na ga fuskarsa karon farko. Ashe yana da tabo a gira, ashe hancin maigidana nasa ne. Na ce “Baba,” na sake cewa “Baba,” idonsa ya ɗan motsa bai buɗe ba.

Na fizgi abin rufa na fita titi ba takalmi, ina dukan ƙofar maƙwabcinmu mai mota. Allah ya sa bai fita ba. Shi da wasu masu kabu-kabu suka ɗauko Baba, muka biya wajen niƙa muka ɗauki Inna da gari a hannunta, sai kilinik.

Zaman da na yi a bencin nan ba na fatan ko maƙiyina ya yi shi. An shiga da Baba an rufe ƙofa. Duk wanda ya fito da farar riga sai in miƙe. Ina ta lissafin abin da zan ce wa maigidana: ka bar mini mahaifinka da ransa, na kashe shi da yatsa ɗaya. Wayata tana ta ruri, sunansa a kai, na kasa ɗauka. Inna tana gefena tana jan carbi, can sai ta dube ni sama da ƙasa.

“Ke, mi na wanga bisa kanki?”

Na shafa. Rawanin Baba ne. Da shi na ratsa unguwa, da shi na shiga mota, da shi nake zaune a gaban jama'a. Mayafina yana can ɗakin keke.

“Bar shi,” in ji Inna, “ya hi kai ba komi.”

Da aka ce mu shigo, Baba yana kwance an sa masa ƙarin ruwa, idonsa biyu. Na maƙale a bayan ƙofa. Likita ya ce an auna arziki, zuciyar ta sha wuya amma ba ta tsaya ba, sai dai zai kwana biyu a wajensu suna dubawa. Sannan ya haɗe rai.

“Alhaji, ban ce kada a taɓa matakin nan ba? Ina wayar?”

Tana hannuna, ban ma san lokacin da na ciro ta daga kan keken ba. Na miƙa masa kamar mai miƙa wuƙar da za a yanka ta da ita. Ya shiga wajen da ake ganin tuƙin baya, ya ɗaga gira.

“Jiya ka yi wannan? Ka hau dutsen nan har ƙoli? Alhaji, ko ni ba na iyawa.”

Baba ya ce da ƙyar, “Jiya ina Barmu.”

“To wa ya hau?”

Na sunkuyar da kai. Likita ya ce ga wani saƙon murya a maƙale da tuƙin, wataƙila ya yi bayani. Na buɗe baki in ce kada ya danna, amma Baba yana ɗakin, kuma ni ba na ɗaga murya a gabansa. Kun ga, ko a nan ban koyi komai ba. Ya danna, ya kuma ƙure sauti don tsoho ya ji.

Sai ga ni, ina haki kamar rago a kasuwa:

“Salamu alaikum masu keke. Ni ce mai kunna ma surukina. Don Allah ɗan mutum-mutumin nan da kunka sa, ku ba shi wando na kirki. Tsoho na, alhaji na, kun sa mishi gajeren wando kamar ɗan kokowa. Wayyo tudu. Kuma matag ga ta rage yi mishi tsawa, ko Inna ba ta yi mishi haka. In an kira salla ya tsaya da kainai. Kuma ku yi yadda zan tsai da shi daga waje da tawa waya, don ni ba ni shiga in shina ciki, sai dai in ji ya yi haka...”

A nan na kwaikwayi gyaran muryar Baba. Ban san na iya ta haka ba. Tun daga kaurin har ƴar jan da yake yi a ƙarshe, ba abin da na bari. Sannan na ƙyalƙyale da dariya.

Likita ya sa hannu zai tsayar, Inna ta ce, “A'a, bar ta ta gama.”

“Sirdin ga kuwa, wallahi tauri gare shi kamar dutsin niƙa, ban san yadda tsoho ka jurewa ba. Kuma in da hali ku sa abin da ka ƙirga shayin da shika sha a ɓoye in ya sauka, don kwalin sukarin na nan bayan buhun dusa, ni dai ban ce komi ba. Kauce, kauce, ga ni nan tahe.”

Ya ƙare. Na so ƙasar kilinik ɗin ta buɗe, amma siminti ne. Na ja rawanin surukina na rufe fuska da shi, don ba ni da wani abin rufewa. Ta ƴar kafa na ga likita ya juya baya yana gyara robar ruwan da ba abin da ya same ta, kafaɗunsa suna rawa. Inna kuwa ba ni take kallo ba.

“Bayan buhun dusa,” ta ce a hankali. “To. Madalla, Alhaji.”

Baba ya daɗe yana kallon silin. Ni na riga na gama haɗa kayana a zuci, har na zaɓi motar da za ta mayar da ni gidanmu. Sai ya yi gyaran murya. Daidai irin wadda aka ji a waya, ba bambanci ko kaɗan. Likita ya fita da sauri.

Baba ya juya wajen Inna ya ce, “Ce mata zancen sirdi gaskiya ta hwaɗi.” Ya huta. “Zancen shayi kuwa, ba wanda ya aike ta.”

Inna ta ce, “Kin ji.”

Na ce na ji, da muryar da ni kaina ban gane ba. Na durƙushe a wurin na fashe da kukan da nake riƙewa tun bakin labule. Ba kukan kunya ba ne, ko da yake kunyar tana nan. Muryarsa ce. Na ɗauka ba zan sake jin ta ba.

Maigidana da ya ji labari a waya sai ya tambaya, “Ke kika jawo shi daga kan keken?” Na ce ni ce. Ya ce to, sauran maganar sai ya zo. Har yau ban san ko faɗa ne ke jirana ko dariya ba.

Da aka sallami Baba, likita ya mayar da matakin bakin tafki ya sa masa lambar sirri da ni ma ban sani ba (ban ji haushi ba). Safiyar da zai koma hawa na kunna, na fito, na saki labule, na zauna. Baba ya zo bakin ƙofa ya tsaya, ya kira Inna daga madafa.

“Ce mata ta shigo da kujerarta ciki. In ta ga dama ta ba ni baya.”

Haka muke yi yanzu. Ina zaune a kusurwa ina fuskantar bango, shi yana tuƙi da rigarsa a jiki. Ba na tsince shinkafa kuma, numfashinsa nake saurare. Shekaranjiya ya yi tari kawai na miƙe na kifar da kujera.

Saƙon nan nawa, ashe ba wajen masu aplikasiyon kaɗai ya je ba, kowa na iya ji. Sun fassara shi, sun yi godiya, sun ce za su duba maganar tsayar da keke daga wata waya. Na ƙara musu da ɗaya, a rubuce wannan karon, kuma a zaune: kafin keken ya yanke hukunci a kan zuciyar mutum, ya fara tambayar wa ke bisa. A ƙarƙashin saƙon muryar wani daga wata ƙasa ya rubuto yana tambaya, da zuciya ɗaya, me ya hana ni in shiga ɗakin kawai. Na fara ba shi amsa na goge, na sake farawa na goge. Ta ina zan faro masa?

Abin da na koya dai ba shi da yawa. Duk rubutun da waya ta nuna mini yanzu sai na karanta shi har ƙasa, ko ana ƙwanƙwasa ƙofa da taɓarya. Ba na kuma hawa abin da ke riƙe labari. Kunya tana nan, ban yar da ita ba, takalmina har gobe a hannu suke in zan wuce ƙofar Baba. Amma na yi wa kaina alkawari, in na sake jin numfashin mutum ya koma zarto, sallama ɗaya zan yi, ita ma ina ciki zan ƙarasa ta.